Darasin Maraɗi ga majami'u: Mai ƙaunar maƙwabci ba ya barin ƙasa ta zama hamada

A shekarar 1983, wani ɗan mishan mai suna Tony Rinaudo ya tsayar da motarsa a wata hanyar ƙauye da ke yankin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, domin ya rage iskar taya kada motar ta kafe a rairayi. Yana ɗauke da dashen itatuwa da zai kai ƙauyuka, kuma a ransa ya san mafi yawansu ba za su kai baɗi ba.

Shekara biyu ke nan yana wannan aiki tun zuwansa daga Ostireliya a 1981. A reni dashe, a kai ƙauye, a dasa, a ba shi ruwa. Akuya ta ci wani, gara ta ci wani, rana ta ƙone wani, iska ta binne sauran.

Kamar yadda ya sha ba da labari daga baya, ya duba gabas da yamma, kudu da arewa, bai ga komai ba sai fili fetal. Ya yi addu'a, ya nemi gafarar Allah a kan yadda mutane suka lalata kyautar da Ya ba su, ya roƙi a buɗe masa ido ya ga abin yi.

A kan wannan hanya hankalinsa ya kai ga wani ɗan tsiro, irin waɗanda ya saba wucewa yana ɗaukarsu ciyayin banza. Da ya matsa ya duba ganyen, sai ya gane itace ne da aka sare, kututturen yana ƙoƙarin sake tohowa. Irinsa kuwa ba su ƙidayuwa a gonakin yankin. Ashe dajin da ake cewa ya ƙare yana nan da ransa a ƙarƙashin ƙasa.

Wannan labari ya cancanci a riƙa ba da shi a majami'un Arewacin Najeriya. Yana amsa wata tambaya da Kiristoci da yawa ke kauce wa: shin kula da itace da ƙasa da ruwa yana cikin bangaskiya, ko aikin gwamnati ne da ƙungiyoyin Turawa? Abin da ya faru a Maraɗi ya nuna cewa a ƙasar da mutane ke ci daga gona, kula da halitta hanya ce ta cika umarnin ƙaunar maƙwabci. Majami'ar da ta yi watsi da ita ta bar wani ɓangare na aikinta.

Sassaben zamani

Dabarar da ta fito daga wannan gani ita ce manoman Nijar ke kira sassaben zamani. Ba ta buƙatar dashe, ba ta buƙatar ban ruwa, ba ta buƙatar kuɗi.

Lokacin sassabe, maimakon manomi ya share komai ya cinna wuta, sai ya zaɓi kututturan da yake so su rayu. A kan kowanne ya bar toho mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ya sare sauran, ya rage rassan ƙasa. Da yake saiwar tsohuwa ce, ta riga ta nutsa inda laima take, tohon kan girma da saurin da dashe ba ya iyawa. Adda ko wuƙa mai kaifi ta wadatar.

Kalgo, sabara, aduwa, magarya, geza da gawo duk suna cikin itatuwan da suka dawo gonaki. Gawo kuwa manomi ya san darajarsa. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya hana gero samun rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani ya yi ganye, ya ba da inuwa, 'ya'yansa su zama abincin dabbobi a lokacin da ciyawa ta ƙare.

Da farko an yi wa manoman da suka gwada dariya. A wancan lokaci, gona fes babu ko tsinke ita ce alamar manomin kirki. Ga kuma doka, wadda tun zamanin mulkin Faransa ta mayar da itatuwa mallakar gwamnati. Manomi zai iya shan tara a hannun jami'an gandun daji don ya sare reshe a gonarsa. Wa zai wahala ya reni abin da ba nasa ba?

Sai farin 1984 ya zo da yunwa. Mishan ta shiga rabon abinci a ƙauyuka, aka haɗa shi da aikin barin itatuwa a gonaki. An tsare itatuwa kimanin 500,000. Da rabon abincin ya ƙare, aka sare kusan kashi biyu cikin uku.

Amma waɗanda suka bar nasu sun ga bambanci. Iskar farkon damina ba ta ƙara binne musu shuka kamar da ba. Mata sun samu itacen girki kusa da gida. Dabbobi sun samu abin ci. Maƙwabci ya leƙa gonar maƙwabci, gani ya kori ji. A hankali jami'ai suka sassauta, har dokar gandun daji ta 2004 ta ƙara ƙarfafa haƙƙin manoma a kan itatuwan gonakinsu.

Bayan shekara 20 da wani abu, masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou suka kwatanta tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga sama da sababbin hotunan tauraron ɗan Adam. Ƙiyasinsu ya nuna itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5, akasari a yankunan Maraɗi da Damagaram. An kuma ƙiyasta ƙarin hatsin da ake samu da kusan tan 500,000 a shekara. A 2018 aka bai wa Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya yi suna wajen farfaɗo da ƙasar da ta mutu.

Wane ne maƙwabcin?

Akwai abu ɗaya a labarin da bai kamata ya wuce mai karatu ba. Kusan duk manoman da suka amfana Musulmi ne. Ba a tambayi kowa addininsa ba kafin a nuna masa yadda ake gyara kututture, itacen ma bai tambaya ba kafin ya yi inuwa.

Kowane ɗan makarantar Lahadi ya san misalin Basamariye a Luka sura 10. Wani masanin Attaura ya tambayi Yesu wane ne maƙwabcinsa, amsar ta zo da labarin mutumin da 'yan fashi suka bari a hanya. Malaman addini biyu suka ratse suka wuce, baƙon da ake ƙyama ya tsaya ya ɗaure masa rauni, ya biya kuɗin masauki.

A ƙasar noma, raunin maƙwabci ba kullum yake zuwa da jini ba. Wani lokaci shuka ce da iska ta binne sau uku a damina ɗaya. Wani lokaci mace ce da ke tafiyar rabin yini neman itace, ko ta koma ƙona kara da kashin shanu, waɗanda ya kamata su koma gona su zama taki. Wani lokaci saurayi ne da ya bar ƙauye ya tafi ci-rani saboda gonar gado ta daina ciyar da gida.

Wanda ya share itatuwan gonarsa ƙaf ya buɗe wa iska hanya zuwa gonar da ke kusa. Wanda ya sare na bakin rafi ya tura zaizayar ƙasa ga na ƙasa da shi. Wanda ya cinna wa daji wuta don farautar ɓera ya ƙone abincin shanun wani. A birni ma haka ne: ledar da aka zuba a kwata a wannan layi, ɗakin wani take rusawa a layi na gaba idan ruwa ya sauka. Babu ɓarnar muhalli da ke tsayawa a kan wanda ya yi ta.

Littafi Mai Tsarki da kansa bai raba waɗannan abubuwa ba. Umarnin ƙaunar maƙwabci da Yesu ya ɗora kusa da ƙaunar Allah, asalinsa yana Littafin Firistoci sura 19. A cikin surar nan ɗaya aka umarci mai gona kada ya girbe har gefe, kada kuma ya koma yin kala, ya bar wa matalauci da baƙo. Da wannan kala ce Rut ta ciyar da kanta da surukarta a gonar Bo'aza. Tun farko, ƙaunar maƙwabci tana da alaƙa da abin da mutum ke yi da gonarsa.

Uzurori uku

Akwai uzurorin da ake ji, wani lokaci har daga kan bagade.

Na farko shi ne cewa Allah ya ba mutum mulki a kan duniya a Farawa sura 1, saboda haka yana iya yin yadda ya ga dama. Wannan fahimta ta jawo wa Kiristanci zargi. A 1967 wani masanin tarihi ɗan Amurka, Lynn White, ya rubuta maƙalar da ta ɗora wa Kiristancin Yamma babban kaso na laifin ɓarnar muhalli. Sai dai sura ta 2 ta Farawa ta fayyace irin mulkin: an sa mutum a gonar Aidan ya noma ta, ya kuma kiyaye ta. Littafin Firistoci sura 25 ya ce ƙasa ta Allah ce, mutane baƙi ne a kanta, har ya ba ta hutu a kowace shekara ta bakwai. Maimaitawar Shari'a sura 20 ta hana sare itatuwa masu 'ya'ya ko a lokacin yaƙi. Wanda aka ba amanar gona ba shi da ikon mayar da ita kufai.

Na biyu shi ne cewa duniya mai wucewa ce, Almasihu yana dawowa, don haka ceton rai kawai ya dace a sa a gaba. Amma babu ikilisiyar da ta fasa rufa wa majami'a kwano saboda wannan dalili. Babu uban da ya fasa biyan kuɗin makaranta. Wasiƙar Yakubu ta yi tir da mai sallamar ɗan'uwa mayunwaci da fatan alheri ba tare da ya ba shi komai ba. Idan ciyar da mayunwaci aikin bangaskiya ne, tsare gonar da za ta hana shi yunwa ba zai zama aikin duniya kawai ba.

Na uku ya fi nauyi, domin gaskiya ce tsagwaronta: talauci. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, rayuwa ta ƙara tsada, gidaje da yawa da ke girki da gas ko kananzir sun koma gawayi da itace. Matar da ke ɗauko itace a ka, ko saurayin da ke ƙona gawayi don ya sayi kwanon masara, ba wa'azin tsawa suke buƙata ba.

A nan ne darasin Maraɗi ya fi amfani. Sassaben zamani bai hana kowa sare itace ba. Rassan da ake ragewa kowace shekara su ne itacen girki, wasu a sayar a kasuwa. Itacen yana nan tsaye, gida kuma yana amfana. Talaka bai taɓa ƙin itace ba, abin da ya ƙi shi ne a ce ya zaɓa tsakanin itace da tuwon dare.

Kuma idan za a yi faɗa, a fara da inda nauyin yake. Manyan motocin da ke fita daga dazuzzuka maƙare da buhunan gawayi, birni suke nufa. Masu saye suna zaune a kujerun gaba a majami'u da sahun gaba a masallatai. Tukwanen da ake ɗorawa a manyan tarukan ikilisiya da bukukuwan aure ma daga daji wutarsu take zuwa.

Dasawa daban, rayarwa daban

Ba za a ce majami'u sun yi shiru gaba ɗaya ba. A 1989 Shugaban Cocin Otodoks na Kustantiniya, Dimitrios, ya ware 1 ga Satumba a matsayin ranar addu'a domin halitta. A 2010 babban taron Kiristocin bishara na Lausanne da aka yi a Cape Town ya bayyana kula da halitta a matsayin batun da ya shafi bishara. A 2015 Paparoma Francis ya fitar da wasiƙarsa Laudato Si', wadda ta nuna cewa ɓarnar muhalli da wahalar matalauta matsala ɗaya ce. A 2022 Cocin Angilika ta ƙaddamar da shirin dazuzzuka a taron Lambeth. A 2023 bishop-bishop ɗin Katolika na Najeriya suka ƙaddamar da shirin dasa itatuwa miliyan 5.5 cikin shekara biyar.

Duk wannan abin yabo ne. Sai dai Arewa ta daɗe da sanin bikin dashen itace: babban baƙo ya sa dashe a rami, a zuba ruwa, a ɗauki hoto, a watse. Kafin Kirsimeti akuya ta gama da shi. Abin da ya karya wa Rinaudo gwiwa ke nan a shekarunsa na farko.

Alƙaluman da ya kamata ikilisiya ta riƙa karantawa a taron shekara su ne na itatuwan da suka rayu bayan rani ɗaya, da sunan wanda aka ɗora wa alhakin kowane fili. A Habasha, inda aka share mafi yawan dazuzzukan tsaunukan arewa, dubban majami'un Otodoks suna zagaye da kurmi har yau. Sirrinsu tsarewa ce, tsara bayan tsara, domin jama'a sun ɗauki kurmin a matsayin ɓangare na wurin ibada.

Abin da ke hannun ikilisiya

Mishan ɗin da Rinaudo ya yi wa aiki ita ce SIM, wadda daga aikinta cocin ECWA ta fito a Najeriya a 1954. Ke nan wannan gado ne na gida. Maraɗi ba ta da nisa da Katsina ta hanyar Jibiya, manoman can kuma Hausa suke yi. Jihohi 11 na Arewa da ke cikin shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, daga Kebbi da Sakkwato har Yobe da Borno, ƙasarsu da itatuwansu kusan iri ɗaya ne da na kudancin Nijar. Jihohin tsakiya irin su Filato da Nasarawa da Neja, inda ake ƙona gawayi sosai, sun ma fi samun ruwan sama, kututture ya fi saurin tohowa.

Majami'u suna da fili: harabar sujada, makarantu, asibitoci, maƙabartu, gonakin fastoci. Suna da jama'ar da ke taruwa kowane mako ba tare da an biya su kuɗin mota ba. Suna da matan zumunta, waɗanda suka fi kowa sanin tsadar itacen girki da illar hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida na kashe mutum kimanin miliyan 3 a shekara a duniya. Murhu mai tsimin itace abu ne da ƙungiyar mata za ta iya koya ta koyar.

Makarantun Littafi Mai Tsarki suna yaye fastocin da yawancinsu ƙauye za su tafi, kuma noma za su yi. Kwana biyu a gona sun isa a koya wa ɗalibi sassaben zamani. Fasto ɗaya da ya gyara kututturan gonarsa, jama'a suka ga geronsa ya tsira daga iska, ya yi wa'azin da ba a mantawa.

Bikin godiyar kaka ma wuri ne da ya dace. Ana kawo dami da buhu da kaji gaban bagade ana gode wa Allah. Ya kamata a wannan rana a tambayi abin da aka mayar wa ƙasar da ta ba da su.

Hattara biyu

Na farko, kada a mayar da labarin na Bature da ya zo ya ceci Afirka. Barin itace a gona tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. A Damagaram har yau ana ba da labarin tsattsauran hukuncin da sarauta ta sa a kan mai sare gawo a ƙarni na 19, kuma manoman yankin da yawa sun farfaɗo da gawonsu ba tare da wata mishan ba. Miliyoyin itatuwan nan hannun manoma ne ya rene su. Abin da ɗan mishan ya yi shi ne ya sauko daga mota, ya duba, ya saurara, ya kuma jure dariya.

Na biyu, kada a mayar da itace ƙugiya. Taimakon da aka ɗaura wa sharaɗi ba ya daɗewa, kamar yadda itatuwan 1984 suka nuna da abinci ya ƙare. Idan ikilisiya za ta gyara fili ko ta yashe kwata, ta gayyaci mai unguwa da liman da arɗo tun daga shawara. Musulmi ma suna da koyarwar cewa wanda ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Babu wanda zai ji an zo masa da baƙon abu.

A ƙauyen Ɗan Saga da ke jihar Maraɗi, kwamitin da ke tsare itatuwa ya haɗa manoma da mata da makiyaya, domin kowa yana da abin da zai samu ko ya rasa. Ba wanda zai ce itace kaɗai zai kawo ƙarshen zubar da jini a Filato ko Binuwai ko Kudancin Kaduna, rikicin ya fi haka zurfi. Amma mutanen da suka zauna suka tsara wanda zai ɗebi 'ya'yan gawo da wanda zai rage reshe, sun samu dalilin gaisawa gobe.

Sassabe na tafe, kamar kowace shekara. Manomi zai shiga gona da adda, ya tsaya a gaban kututturen kalgo ko sabara da ya yi toho. Zai iya share shi ya tara ya ƙone, kamar bara. Zai iya kuma zaɓar toho biyu ko uku ya bar su. Aikin minti biyar ne, amfaninsa kuwa zai kai ga gonar da ke kusa, da matar da ke neman itace, da makiyayin da zai ratsa da rani, da jikan da zai gaji filin. Idan manomin nan yana zuwa sujada ranar Lahadi, ya kamata a ce ya taɓa jin fastonsa ya faɗa masa cewa waɗannan duka maƙwabtansa ne.